Maɗaurin Yaya da Tsagar Gidan Waya

A gidan waya nake aiki, a taga ta biyu daga ƙofa, wadda fankar samanta ta mutu tun kafin a ɗauke ni. A gabana akwai sikeli da hatimi da wani allon roba mai tsaga a tsakiyarsa. Idan ka kawo saƙo, sai in zura ambulan ɗinka a tsagar nan. In ta wuce, wasiƙa ce, kuɗinta kaɗan. In ta maƙale, ta zama ƙunshi, kuma in ƙasar waje za ta, farashin da zan faɗa maka sai ka dafa kantar da ke gabanka. Ba ni na yanka tsagar ba, ba ni na sa farashin ba, amma ni ake zagi. Ni kuwa ba kanwar lasa ba ce, wanda ya faɗa mini ɗaya ina mayar masa da biyu. Mutum ɗaya ne bai taɓa ɗaga mini murya a tagar nan ba, kuma shi ne wanda tsagar ta fi cuta. Yayana ke nan.

Yaya baduku ne, amma kada ka kawo masa takalmi ko jaka, zai nuna maka shagon gaba. Maɗaurin agogon hannu kawai yake yi, tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai. Shagonsa wani lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai aski da mai gyaran waya, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya bar ƙafarsa a waje. Akwai benci, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da wuƙaƙe a jere bisa girmansu, da baƙin keken ɗinki wanda ya fi so a kan mu duka. Matarsa ce ke faɗar haka, ba ni ba. Ita ce kuma ke cewa in aka gabatar masa da baƙo, wuyan hannunsa yake fara gaisarwa kafin fuskarsa. Da ɗinkin keken nan ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya kai ni makaranta har na samu wannan taga. Yau ina da 'ya'yan da suka fi ni tsayi, amma har yanzu Auta yake ce mini, ko a gaban layi.

Fata uku yake haɗawa a kowane maɗauri: ta sama mai ƙarfi, ta ƙasa mai laushi wadda ke kwanciya a jikin mutum, da wata siririya a tsakiya wadda ba wanda zai taɓa gani. A wurin da fatar ke naɗewa ta riƙe agogo, nan ba ya yarda da keke, da basilla yake ɗinkewa da hannu. In ya gama, sai ya maƙala maɗaurin a ƙusa, ya rataya masa wani tsohon dutsen guga, ya bar shi yana lilo ya tafi shan shayinsa. Wanda ya dawo ya tarar a ƙasa, kwandon shara. Na taɓa ce masa, "Yaya, agogo za a ɗaure ko saniya?" Ya ce, "Auta, ke dai je ki buga hatiminki."

Lokacin da waya ta shiga aljihun kowa, mutanen garin suka rage ɗaura agogo, muka ɗauka Yaya ya gama yawo. Matarsa ce ta tsamo shi. Mace ce mai kai, ga baki, ni da ita in muka haɗu sai an raba mu da tsokana. Ita ta riƙa ɗaukar hoton maɗauran a kan farin mayafi tana sawa a intanet, sai ga masu saye daga garuruwa masu nisa, har da ƙasashen waje, mutane masu tsofaffin agogunan da ba sa son rabuwa da su. Kowane mako Yaya zai zo tagata da 'yan akwatunan kwali, ya lulluɓe kowane maɗauri da auduga kamar ƙwai. Ko gwada su a tsaga ba na yi, don na san ba za su shiga ba. A lokacin kuɗin ƙunshi bai kai ya kawo ba, masu saye suna biya ba gardama.

Sai abubuwa biyu suka zo kusan tare. Aka ƙara kuɗin aika ƙunshi waje, aka sake ƙarawa. Sannan buhuna suka fara sauka a ƙofar bayanmu.

Ɗakin baya, inda ake rarraba saƙo, da can gyangyaɗi ake yi a cikinsa. Yanzu mota za ta tsaya ta juye buhuna har su toshe haske, kowanne cike da 'yan ledoji masu launin toka daga wani ɓangaren duniya. Rigunan waya, caja, 'yan kunne, cokali, abin da ba ka zata mutum zai aiko daga ƙetaren teku ba. Layin masu karɓa ya ninka na masu aikawa. Wata rana wani matashi ya karɓi tasa ledar, ya kasa haƙuri ya yage ta a gabana, sai ga maɗaurin agogo, ruwan ƙasa, yana sheƙi. Na ce, "Ɗan nan, nawa ka saye shi?" Ya juyo mini da fuskar wayarsa. Na duba, na sake dubawa. Da maɗaurin, da ƙarfensa, da kawo shi daga bangon duniya har tafin hannunsa, duk bai kai abin da nake karɓa a hannun Yaya don in tura akwati ɗaya ƙasar da ke maƙwabtaka da mu ba. Ko da akwatin babu komai a ciki.

Ban jira aka tashi ba, na rufe taga na faɗa ofishin Oga ko ƙwanƙwasawa babu. Oganmu mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in kana masifa sai ya miƙo maka kujera. Na ce, "Yallaɓai, a fahimtar da ni, don kaina ya kulle. Yaya aka yi nesa ta fi kusa araha?"

"Ba mu muka tsara ba," in ji shi. "Gidajen waya na ƙasashe suna da yarjejeniya a tsakaninsu. Inda aka aiko, can ake karɓar kuɗi, mu kuma a ba mu wani abu don mu kai wa mai shi. Abin da ake ba mu a kan ledojin nan ko takalmin mai rabawa ba ya saya. Ga shi su da dubbai suke aikowa, tun daga can ake yi musu ragi."

"To giɓin fa, wa ke cike shi?"

Ya cire tabarau ya shiga gogewa. "Wanda ya tsaya a tagarki."

"Wato yayana ne ke biya wa masu kashe masa sana'a kuɗin mota."

"Ni ban ce haka ba."

"Ni na ce!"

Na fito na buga masa ƙofa. Ran nan duk wanda ya zo tagata ya ji a jikinsa, har wata tsohuwa da ta zo sayen kan sarki, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Matar Yaya ta yi odar irin maɗaurin ledar nan guda ɗaya don mu gani da idonmu. Yaya ya sa wuƙa ya tsaga rabinsa a kan benci, muka leƙa: kwali ne a ciki, an shafe shi da wani abu mai kama da fata. Ya rataya wa ɗaya rabin dutsen guga, kafin ya saki hannu ya tsinke, dutsen ya kusa fasa masa yatsan ƙafa. Ya yi dariya har da ƙyaƙyatawa, ya ce wannan ba abokin gasa ba ne, mutane za su gane. Matarsa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Sun gane ai, Maigida. In ya tsinke su sayi wani, ya tsinke su sayi wani, duk da haka ba su kai naka da kuɗin aikawa ba. Kai ma ƙarafan da kake sa wa naka, ba a cikin ledojin nan suke zuwa ba?" Gaskiya ta faɗa, don mai sayar da su a garin ya daɗe da rufewa. Yaya ya shiga share bencin da ba datti. Can ya ce, "Ni ban ce a hana su ba. Kowa ya ci abincinsa. A dai ɗora ni da su a sikeli ɗaya, in mutum ya zaɓi kwali ya zaɓa."

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai wata mai yin 'yan kunne da duwatsu, da wani mai sassaƙa mariƙin mabuɗi, da wata mai saƙa hular jarirai, duk tagata suke zuwa a da. Ɗaya bayan ɗaya na daina ganinsu, ba sallama. Mai hular ma na sake ganinta daga baya, amma a layin masu karɓa, ta sunkuyar da kai kamar ba ta san ni ba.

Saƙonnin masu sayen Yaya suka koma iri ɗaya. Maɗaurin ya yi, farashinsa ya yi, amma kuɗin aikawa fa? Daga nan sai shiru. Ya rage nasa farashin har ya zama fata da zare kawai ake biya, wahalarsa sadaka. Ya je wurin kamfanonin kai saƙo masu zaman kansu, nasu ya fi namu zafi. Ya gwada ba direbobi, wani ya kai, wani ya ɓatar, kuma ba motar da ke zuwa inda rabin masu sayensa suke. Ko ta ina ya juya sai ya dawo tagata.

Wata safiya ya zo ba akwati, ya sa maɗauri a ambulan haka nan. Na zura, ta shiga rabi ta tsaya cak. Ya sunkuyo ya rage murya.

"Auta, ɗan danna mana. Kaɗan ya rage."

"Yaya, ba a dannawa. Da kanta za ta wuce."

"Wa zai gani?"

"Injin babban ofis zai gani. Ko a dawo da ita, ko a can a ci mai karɓa tara, ni kuma a kira ni. Kana so mutuminka ya je karɓar maɗauri a ce sai ya biya tara?"

Ya janye ambulan ɗinsa. Wallahi da ya zage ni da na fi jin daɗi. Mutumin da ya yi mini komai a duniya ya roƙe ni ɗan yatsa ɗaya na hana shi, kuma ko yau aka sake, zan hana. Ya ciro wani guntun kwali daga aljihu, ya ce in ɗora masa allon a kai. Na ɗora, ya zana tsagar da fensir, ya ninke ya tafi.

Da na leƙa shagon bayan 'yan kwanaki, ya yanka tsaga irin tawa sak a jikin katako, ya kafa a gefen benci. Daga nan aikinsa ya koma kokawa da ita. Ya cire fatar tsakiya, ambulan ba ta wuce ba. Ya nemo ƙarfe marar tudu, ba ta wuce ba. Sai ya ɗauki wuƙarsa mafi kaifi ya shiga rage wa fatar kauri, yana kankarewa a hankali, yana gwadawa, yana sake kankarewa, har ƙasan benci ya cika kamar an fere dankali. Inda ke tokarewa kullum shi ne wurin naɗin nan da ke riƙe agogo, don nan ne fata ta ninku. Nan ya fi sa wa wuƙa.

Ranar da ambulan ɗinsa ta sulale ta tsagata ta faɗo a kan kanta, ni da shi muka kalli juna kamar an yi mana haihuwa. Na buga hatimi da ƙarfi har sikeli ya girgiza. Na yi murna ƙwarai, don na gaji da zama wadda ke faɗa masa farashi tana kallon fuskarsa. Masu saye suka dawo, ba duka ba, amma an samu na cefane. Matar Yaya ta koma tsokanata, wai tun da aka ɗauke ni aiki sai yanzu tagata ta yi wa wani ɗan Adam amfani.

Maɗauran kuwa sun yi kyau a ido, sirara, ɗinkinsu tsaf. Sai dai wata rana na je shagon na yi tuntuɓe da wani abu a bakin ƙofa, na kusa kifawa. Dutsen guga ne, an tokare ƙofa da shi. Na ce, "Yaya, an yi wa wannan ritaya ke nan?" Bai ɗago ba, ya ce, "Fatar mai kyau ce. Na san hannuna." Ni kuwa na san Yaya. In yana da gaskiya, ido cikin ido yake magana. Tsoron rataya dutsen yake yi, don in ya rataya dole ya ga amsa, kuma ba shi da yadda zai yi da ita.

Cikin tsofaffin masu sayensa akwai wani da muke kira Kyaftin. Jirgin fito yake tuƙawa a wani babban kogi a ƙasar maƙwabtanmu, yana ƙetarar da mutane da motoci. Ba su taɓa ganin juna da Yaya ba, amma sun yi shekara da shekaru suna waya, in gumi da ruwa suka ci maɗauri sai ya kira a yi masa sabo. Ko lokacin da kuɗin aikawa ya haukace, shi bai gudu ba. Sabon nasa ya faɗo cikin siraran nan, Yaya har da murnarsa ya gaya masa wannan karon an samu sauƙin aikawa.

Ina gidansu wata ranar hutu da yamma, ni da matar Yaya muna ninke wanki, shi yana gefe da shayinsa, sai waya ta yi ƙara. Hannunta da kaya, sai ta buɗe muryar kowa ya ji. Kyaftin ne. Ya gaisa da Yaya a tsanake, ya tambayi iyali da aiki, sannan ya ce, "Malam, ba don ka biya ni na kira ba. Jiya na ɗaga hannu zan jefa igiya, sai na ji hannuna sakayau. Maɗaurin ya tsinke daga gindin agogo. Ina kallo ya faɗa ruwa."

Yaya ya ajiye kofi. "Subhanallahi. An samo shi?"

"A kogin nan? Masu nutso sun gwada, ba komai." Sai ya ƙara da cewa, "Marigayiya matata ce ta saya mini shi ranar da aka fara ba ni jirgi. Shi ya sa ban taɓa ɗaura masa na kowa ba sai naka. Na ce dai in gaya maka, ko fatar ce aka cuce ka da ita, don ka kiyaye."

Ka ji mutum! An yi masa asarar da ba a ramawa, yana nema wa wanda ya jawo uzuri. Yaya ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "Ba fatar ba ce, Kyaftin. Ni ne." Mutumin ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya kashe wayar.

Yaya ya zura takalmi ya fita, na bi shi. A shago ya ɗauko dutsen guga daga bakin ƙofa, ya kwaso maɗauran da ke jiran aikawa. Na farko ya riƙe. Na biyu ya ɗan yi lilo, sai ƙas, dutsen ya faɗi. Na uku ma haka. Mai aski ya leƙo yana tambayar ko lafiya, na ce ya koma kan askinsa.

Da muka koma gida ya ce wa matarsa ta kira duk wanda aka aika wa siriri, ta ce ya cire agogonsa daga jiki yau ɗin nan, za a aiko masa da wani kyauta.

Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Kyauta? A ambulan?"

"A akwati. Fata uku."

"Maigida, da me? Mutum ɗaya ne ya kira. Sauran a ofis suke zaune, ba igiyar jirgi suke jifa ba. In ka ce musu aikinka yana tsinkewa, wa zai sake saye? In ka aika musu a akwati da kuɗinka, shagon ya tafi. Kuma bayan ka gama, wanne za ka riƙa yi? Mai kaurin da ba a biya, ko siririn da ke tsinkewa?"

"Ban sani ba."

"To ka tsaya sai ka sani."

"In na tsaya, wani agogon zai faɗi."

Ta juyo kaina, idonta ya kawo ruwa. "Auta, ke yau ba ki da baki? Kullum kamar rediyo, yau an ɗauke wuta?"

Ita tana da gaskiya, yara suna makaranta, mai gidan haya ba ya ɗaga ƙafa. Shi ma yana da gaskiya. Na zauna a tsakaninsu ina jin haushin kowa: masu ledoji, masu yarjejeniya, Oga da tabaransa, da allon robar da nake wuni da shi. Babu ko ɗaya a cikinsu da zan iya cakumar wuyansa ya canza wani abu. A ƙarshe ita ce ta ɗauki wayar, tana share ido da gefen mayafi, ta fara kira. Wasu suka yi godiya, wasu suka yi faɗa, wani ma ya ce nasa lafiya lau, a bar masa abinsa. Yaya ya ce a aika masa duk da haka.

Makonni ya yi bai ɗaga kai daga benci ba. Duk fatar da ya tara ya ƙarar da ita, kuma kowane maɗauri sai da ya sha dutsen guga kafin ya shiga akwati. Da ya ɗinke na ƙarshe, sai ya kira wani tela da ya daɗe yana maitar keken nan, ya sayar masa, aka ɗaure keken a bayan babur. Matarsa ta kasa kallo, ta shige shagon mai aski ta zauna kamar mai jiran layi. Kuɗin keken shi ne kuɗin aikawa. Mabuɗin lungun kuma ya mayar wa mai bene, mai gyaran waya ya karɓa zai zuba rigunan waya a ciki.

Ana cikin haka Oga ya sanar cewa ana neman ƙarin hannu a ɗakin baya, na wucin gadi, don buhuna sun fi ƙarfin waɗanda ke ciki. Ban gaya wa kowa a gida ba. Yaya ne ya tare ni da maganar.

"Auta, na ji ana ɗaukar masu sauke buhu a wurinku."

"Ba irinka ake nema ba."

"Ki yi mini magana da Oganku."

"Haba Yaya! Ka san abin da ke cikin buhunan nan kuwa?"

"Na sani. Su kaɗai ne ke da aiki a garin nan."

Na yi ta masifa. Na ce ya je ya yi gadi, ya je ya yi facin taya, ko ya zauna a gida ni in riƙe shi kamar yadda ya riƙe ni. Ya bar ni sai da na sauke, sannan ya ce gadin ya nema an ce ya tsufa, bayansa kuma bai mutu ba tukuna, kuma ba zai zauna ƙanwarsa tana ciyar da shi da 'ya'yansa ba. Washegari na je wurin Oga da ƙafata na roƙe shi, bakina yana ɗaci.

Ranar da zai fara aiki, Yaya ya zo da safe cikin wankakkiyar riga, da babban kwali a kafaɗa, ya shiga layi kamar kowa. Da ya iso ya fara jero akwatunan a kan kanta, ina aunawa, ina liƙa takarda, ina buga hatimi. A bayansa layin masu karɓar ledoji ya kai titi, suka fara tsaki. Wani ya ce, "Baba, kai kaɗai za ka cinye mana safiya?" Na ɗago na ce wanda yake sauri ga ƙofa can, ya tafi ƙasar da aka yi kayansa ya karɓo da kansa.

Na ɗauki akwati na ƙarshe na karanta adireshin, sai hannuna ya tsaya. Na Kyaftin ne.

"Yaya, mutumin nan ba shi da agogo."

"Na sani."

"To me zai ɗaura wa?"

"Maɗauri ya saya a wurina, ban ba shi ba. Auna."

Na auna. Na faɗi kuɗin ƙasa-ƙasa don kada na baya su ji, ya zaro ya biya. Sai ga hon ɗin mota a ƙofar baya, Oga ya leƙo yana tambayar ina sabon ma'aikaci. Yaya ya ce, "Ga ni, Yallaɓai." Ya ɗauki kwalinsa da ba komai a ciki, ya fita ta ƙofar gaba ya zagaya, don ma'aikatan wucin gadi ba sa bi ta cikin kanta.

Wata mata ta matso ta miƙo mini takardar karɓar saƙonta. Na juya wajen ƙaramar tagar da ke tsakanina da ɗakin baya, na kira lambar ban kalli ciki ba, don na san in na kalla zan yi kuka a gaban layi. Aka jima ana laluben buhu, matar tana buga ƙafa, ni ina shirya hatimin da yake a shirye. Hannun da ya miƙo mini ledar na Yaya ne, da baƙin rinin fata a ƙarƙashin farcensa.

"Auta, ita ce wannan?"

Na ce, "Ita ce, Yaya."